Shukar cikin ɗaki a Sakkwato: wacce za ki saya, wacce za ki bar wa mai ita

Duk wadda ta taɓa sayen fulawa a bakin titi cikin watan Maris ta san labarin. Ki ɗauko ta shar da ita, ki ajiye a kusurwar falo, baƙi su yaba, kafin sati biyu ganyen ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi. Sai ki ce hannunki ne ba ya karɓar shuka. Sau da yawa ba hannun ba ne, garin ne. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya busar da iska har leɓe na tsagewa, ƙura ta lulluɓe komai. Yawancin shuke-shuken da muke sha'awa a hotunan Instagram asalinsu dazuzzuka ne masu laima da inuwa. Don haka ni ma'aunina ɗaya ne: in an ɗauke wuta kwana biyu a tsakiyar Afrilu, esi ya tsaya, fanka ta tsaya, wacce zan tarar a raye?

Moda zan tarar. Ita ce mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba, masu zane irin na jikin maciji, wasu da rawayan baki. Ranar da na fara shigo da ita gida Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, moda kika ba kuɗi kika sayo?" Ta yi gaskiya, domin tamu ce. Asalinta Afirka ta Yamma, daga Najeriya har zuwa Kwango, kuma da zaren ganyen danginta mutanen da suke tufka igiya da tsirkiyar baka. Masana sun daɗe suna kiran ta Sansevieria, daga baya suka mayar da ita cikin dangin Dracaena, amma wannan bai dami mai fulawa ba, hoto za ki nuna masa.

Abin da ya sa take jure mana shi ne yadda take numfashi. Yawancin shuke-shuke da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin ganyensu, ruwa ya yi ta tserewa. Ita kuwa sai dare ya yi, gari ya ɗan yi sanyi, sannan ta buɗe, ga kuma ruwan da ta tara cikin kaurin ganye da saiwa. Tawa a bazara nakan ba ta ruwa duk bayan sati biyu, a hunturu kuwa har wata guda takan yi ban kula ta ba. Na taɓa tafiya biki Gusau na zarce da jinya, na dawo na same ta yadda na bar ta, sai ƙura da na goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tana zama a lungun da haske bai cika isa ba, ko da yake kusa da taga ta fi saurin girma. Ranar yamma mai shigowa ta gilashi kai tsaye ce kawai ke ƙona mata ganye.

Ba abin da ke kashe moda kamar yawan ƙauna. Wadda ke zuba mata ruwa kullum da safe za ta wayi gari gindin ya ruɓe yana wari. Ki tsoma yatsa cikin ƙasar, in da sauran damshi ki kyale ta. Ki dasa ta a tukunyar ƙasa irin tamu mai huda a ƙasa, don tana barin ruwa ya tsane, ba kamar roba ba da ke dafa saiwa in ta sha zafi. Ƙasar kuma a gauraya ta da yashi mai yawa, da ɗan gawayi, da takin shanu da ya gama ruɓewa. Ɗanyen taki gara yake gayyatowa. Aibinta da ba zan ɓoye ba, in yaro ko kyanwa suka tauna ganyen yana iya sa amai da ɓacin ciki, sai a ɗaga ta sama.

Sauran fa? Alobera tana da juriya, amma rana take so, a cikin falo sai ta yi ta miƙewa tana ramewa, baranda ce wurinta. Kariya kyakkyawa ce in ta yi furenta ruwan hoda, sai dai ta tsakar gida ce, kuma ruwan jikinta dafi ne, har kibiya aka sha shafa wa. Mai yaɗon nan da ake kira moni filant ba laifi, ita ce ta biyu a wajena, tana rayuwa ko cikin kwalbar ruwa, amma ki riƙa sauya ruwan duk sati, in ba haka ba kin buɗe wa sauro gidan haihuwa a gefen gadonki. Wadda ake kira ZZ, 'yar Gabashin Afirka mai ganye kamar an shafa mai, halinta kusan ɗaya da moda, tsada ce da wuyar samu suka raba ni da ita. Fis lili mai farin fure, wannan laima take so, a bar wa mutanen Fatakwal. Dieffenbachia mai faffaɗan ganye da ɗigon fari kuwa, kada ta shiga gidan da ke da mai rarrafe, domin in aka tauna ta baki da harshe suna kumbura.

Yanzu ga inda zuciyata take, wato wajen sayen. Shekarun baya na tsaya gun wani mai fulawa, ba zan faɗi unguwar ba, na zaɓi tukunya cike da moda mai rawayan baki, ganye bakwai reras. Yana ta rantsuwa, "Hajiya, wagga ko kin manta da ita shekara ba ta mutuwa." Bayan kwana goma ɗana ya gifta da gudu ya taɓa ta, ganye uku suka zube ƙasa. Na ɗauka na duba, ba saiwa ko ɗaya. Yanko su aka yi da wuƙa aka soka cikin ƙasa, kamar yadda ake kafa tsintsiya. Haushi na biyu ya zo daga baya. Biyu daga cikinsu sun kama, amma da suka yi toho sai 'ya'yan suka fito kore zalla, babu rawayan da na biya kuɗi dominsa. Ashe haka halinta yake: mai rawayan baki in daga yankan ganye aka tayar da ita, launin ba ya bin 'ya'yan, sai an raba ta daga saiwa. Shi mai sayarwar ya san da haka sarai.

Tun daga ranar ba na sayen shuka sai na kama gindinta na ɗan ja a hankali. Mai saiwa za ta riƙe ƙasa, ta soke kuwa za ta biyo hannunki. In a baƙar leda take, ki ɗaga ki leƙa ƙasanta, ki ga ko saiwa ta leƙo. Mai gaskiya ba zai hana ki ba, shi ma zai taya ki. Wanda ya ce "kada ki taɓa, Hajiya, za ta wahala", ki yi masa sallama.

Ki juya bayan ganye ki duba mahaɗarsa da kara. Farin abu kamar auduga ƙwaro ne mai tsotsar shuka, tukunya ɗaya ta isa ta shafa wa duk na gidanki, shi ya sa sabuwa nake ware ta sati biyu kafin ta shiga cikin 'yan uwanta. Ganyen da ke ƙyalli fiye da kima, ki shafa da yatsa, wasu mai suke goga masa, kuma a garin ƙura, man nan ƙura yake kamawa ya toshe ganyen. Ƙananan kaktos, wato shuke-shuken nan masu ƙaya, masu fure ja ko shuɗi tsaf a ka, ki duba gindin furen da kyau, sau da yawa busasshen fure ne aka manna da gam. Mai jan kai kamar tumatir shi ba ƙarya ba ne, amma aure aka yi masa a kan wani kaktos saboda ba ya iya ciyar da kansa, kuma ba ya daɗewa. Ki kuma tambaya yaushe kayan suka iso. Shukar da aka sauke jiya daga motar Jos ko Legas ba ta san Sakkwato ba tukuna, gara wadda ta yi wata biyu a rumfarsa ko da ba ta kai ta kyau ba.

Za a kuma ce miki moda tana tace iskar ɗaki, har a ƙara kuɗi a kan haka. Maganar ta samo tushe daga gwajin da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989, amma cikin rufaffun akwatuna aka yi shi. Wani nazari na 2019 ya nuna sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su kamo aikin da shigar iska daga waje ke yi. Ki saye ta don kyau, ki buɗe taga don iska.

In za ki iya haƙuri, ki bari sai ruwa ya sauka a Yuni ko Yuli, lokacin dashe ya fi kamawa. Kafin nan ki leƙa gidan maƙwabciya mai tsohuwar tukunyar moda, don tana cika tukunya da 'ya'ya har ta fasa ta. Ki roƙi ɗa ɗaya da saiwarsa, ki bar yankan ya sha iska a inuwa kwana biyu, sannan ki dasa, kada ki ba shi ruwa sai bayan sati.