Na yi ƙarin ruwan ketamin sau shida a Kaduna, ga yadda ta kaya

Karayar da na samu a hatsarin mota a hanyar Zariya ta warke tun tuni. Hoto ya nuna ƙashi ya haɗe tsaf, amma ƙafar ta ƙi yarda. Daga idon sawu zuwa yatsu ƙuna take yi kamar an ɗora garwashi, ko zanin gado ya gifta ta sai na zabura. Shekara biyu ina cikin wannan hali. Na yi gashin ƙashi, na sha magungunan ciwon jijiya, Hajiya ta yi ta aiko rubutu da man habbatus sauda. Sannu a hankali abin ya taso daga ƙafa ya kama zuciya. Barci ya ƙaurace min, na daina fita majalisa bayan la'asar, in na shiga aji ina koyarwa sai in ji kamar wani ne yake magana da bakina. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce ciwon damuwa ne, ya gwada min magani iri biyu, kowanne na sha fiye da wata biyu ba wani canji. Shi ya fara kawo maganar ketamin.

Da na faɗa a gida, ƙanena ya ce, "Yaya, ba ita ce allurar da ake sumar da dawakai da ita ba?" Hajiya kuwa cewa ta yi, "Ƙwaya za su ɗura maka kana ji kana gani?" Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa samarin unguwa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, dole gabansa ya faɗi. Sai da likitan sa barci ya zaunar da mu. Ya ce a Amurka aka haɗa maganin a 1962, aka amince da shi don tiyata a 1970, kuma shekara da shekaru ana yi wa mutane aiki da shi a asibitocinmu, har ƙananan yara, domin ba ya danne numfashi kamar sauran magungunan sa barci. Ya ce wa Hajiya, "Mama, ƙila ma an taɓa yi wa wani naki tiyata da shi ba ki sani ba." A shekarar 2000 ne masu bincike a jami'ar Yale suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana sassauta damuwa cikin sa'o'i, a 2019 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani ɗan'uwansa da ake fesawa a hanci, mai suna Spravato. Na ƙarin ruwa dai, in ji shi, ba a yi masa rajista don damuwa ba, likita ne yake duba mutum ya yanke shawara. Wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta sa na amince da shi.

Wani asibitin kuɗi ne a cikin gari. Sun tambaye ni ko ina da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko na taɓa jin muryoyi ko ganin abin da ba shi, ko na taɓa shaye-shaye. Aka ce kada in ci komai sa'o'i kafin in zo, kada kuma in tuƙa mota ranar. Aka auna ni, kilo 70, aka ce rabin miligiram ake bai wa kowane kilo, wato miligiram 35, a ɗura shi a hankali cikin minti 40. Aka ɗaura min na'urar awon jini a dantse, aka maƙala wata a yatsa.

A nan ƙorafina yake, kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa. Iyakar abin da nas ɗin ta ce min shi ne, "Malam, za ka ɗan ji jiri." Jiri! Bayan kamar minti goma ƙarar fanka ta yi nisa kamar daga wata unguwa take zuwa. Na dubi hannuna ban gane nawa ba ne. Silin ya fara tafiya, jikina yana kan gado ni kuma ina wani waje ina kallonsa, na kasa sanin ko minti ɗaya ya wuce ko yini. Na ce shi ke nan, tafiya ce ta zo, na kama kalmar shahada. Na juya in kira nas, ba ta ɗakin, ƙofa a buɗe, talabijin na ta surutu a baranda. Daga baya na san wannan rabuwa da jiki sananniyar aba ce a ketamin, kuma takan washe ba da jimawa ba bayan an cire ruwan. To me ya hana a gaya min tun farko? Mutumin da damuwa ta kawo shi, a bar shi shi kaɗai da irin wannan tsoro? Jinina ya hau ranar, na kuma yi amai a hanyar gida.

Zama na biyu na kafa sharaɗi: maiɗakina za ta zauna kusa da ni, a rufe ƙofa, a rage haske. Na sa karatun Alƙur'ani a kunne ƙasa-ƙasa. Abin ya dawo kamar na farko, amma da na san me ke zuwa sai ya zama kamar mafarki mai nauyi. Na kuma mayar da zaman da safe, don a na farko la'asar ta same ni kaina bai dawo daidai ba, sai da na jinkirta salla har na san abin da nake karantawa.

Zama shida muka yi cikin mako uku. Na farko da na biyu ban ga komai ba sai gajiya. Washegarin na uku na farka da yunwa, na ce a sayo min ƙosai da koko. Maiɗakina ta tsaya tana kallona, ta ce, "Baban yara, kai ne kuwa?" Ni kaina ban tuna rabon da in nemi abinci da bakina ba. A makon na koma sallar asuba a masallaci, na gyara takardun ɗalibai da suka yi wata a jaka. Ba murna ce ta sauko min ba, dutsen da ke kan ƙirjina ne aka ɗaga. Likitan ya ce magungunan da na sha a baya kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin suke aiki, shi ya sa sai an yi makonni, shi kuwa wannan ta hanyar wani sinadarin daban mai suna gulutamet yake bi, shi ya sa yake da sauri.

Ƙafa kuwa, kada in yi ƙarya, ribar kaɗan ce. Ƙunar takan lafa ranar ƙarin ruwan da kwana ɗaya ko biyu, sai ta dawo. A wajen karɓar kuɗi an ce min "har ciwon ƙafar zai tafi," amma da na tuntuɓi likitan ya ce na ciwon jijiya tsarinsa daban ne, sa'o'i ake yi ana ɗurawa, wani lokacin sai an kwantar da mutum kwanaki. Nawa na damuwa ne.

Sauƙin ma ba na dindindin ba ne. Wajen mako biyar bayan zama na ƙarshe nauyin ya fara leƙowa, ko da yake bai kai na da ba. A tsakanin nan ne na samu ƙarfin komawa gashin ƙashi da zaman tattaunawa da likitan ƙwaƙwalwa, ban kuma daina shan maganina ba.

Kuɗi ya ci fiye da albashina na wata biyu, inshorar lafiyata ba ta biya ko sisi ba, yayana ne ya cika. Shi maganin araha ne, gado da na'urori da likita ake biya. Shi ya sa wani a majalisa ya ce ya san mai kemis da zai zo gida ya yi min a kwatan kuɗin. Na ce a kai kasuwa. Na ga yadda jinina ya hau a gaban na'ura, kuma yawan amfani da shi barkatai yana lalata mafitsara, yana kama mutum kamar kowace ƙwaya.

Likita ya ce in nauyin ya ƙaru zan iya yin zama ɗaya na ƙari. Na ce sai bayan an yi albashi mu gani. Har yanzu silifas nake sawa zuwa makaranta, takalmi sau-ciki yana nan ƙarƙashin gado.