Rigakafin sanyin mafitsara: ƙwayoyin firobayotik ko maganin kashe ƙwayoyin cuta?

Macen da sanyin mafitsara ke yawan dawo mata ta san wahalar: zirga-zirgar bayan gida cikin dare, fitsari ɗigo-ɗigo, ga raɗaɗi kamar an zuba barkono. Galibi ƙwayar E. coli ce daga hanji take haddasa shi.

Tsohuwar hanyar rigakafi ita ce shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan kullum na tsawon watanni. Tana aiki, babu shakka. Firobayotik kuwa, ƙwayoyi ne masu amfani irin su Lactobacillus da ke ƙara tsamin farji, su hana E. coli wurin zama.

A shekarar 2012 an buga sakamakon wani bincike daga ƙasar Holan kan mata 252 da al'adarsu ta ɗauke. Cikin shekara guda, ciwon ya ragu daga kusan sau 7 zuwa 2.9 ga masu shan magani, masu firobayotik kuma 3.3. Magani ya ɗan fi. Abin da ya fi damuna shi ne cikin wata ɗaya kawai, yawancin E. coli na masu shan maganin sun daina jin sa, abin da bai faru ga masu firobayotik ba.

Amma idan ciwon ya riga ya kama, musamman da zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, firobayotik ba zai warkar ba, sai an ga likita.