Wane majigi za ka saya don kallon finafinan mafarki a Bauchi?

Akwai nau'in fim da ba labari yake bayarwa ba. Babu jarumi, babu mugu, babu aure a ƙarshe. Hoto ne ke bin hoto yadda mafarki ke yi. A wanda Luis Buñuel da Salvador Dalí suka yi a Faransa a 1929, tururuwa ce ke fitowa daga tafin hannun mutum. A na Maya Deren na 1943, wani mai baƙin mayafi ne ke wucewa, madubi a gurbin fuskarsa. Gidajen baje kolin fasahar zamani suna lissafa irin waɗannan tare da zane da sassaƙa, suna haska su a bango cikin ɗaki mai duhu. Tunda hoton shi ne komai, wanda ya kalle su a waya bai ga rabinsu ba. Shi ya sa ɗalibai da masu zane da ke son haɗa kallon taro a Yelwa ko Gwallameji nake ce musu su nemi majigi, amma ba kowanne ba.

Talabijin na bango a bar wa ƙwallo. Majigi mai tsarin haska hoto da ake kira DLP yana da kaifi kuma ƙura ba ta cika damunsa ba, sai dai wasu idanun suna ganin walƙiyar ja da kore da shuɗi a gefen farin abu, kuma a fim mai baƙi da fari abin ya fi fitowa. Ni dai ba na jure shi.

Nawa zaɓin shi ne tsohon majigin ofis na hannu, mai tsarin 3LCD, irin na Epson da ake koyarwa da shi a aji. Mutane suna raina shi don ɗigon hotonsa 1024 ne a kwance, 768 a tsaye, wato siffar 4:3 ta tsohon talabijin. To ai a wannan siffar aka ɗauki yawancin tsofaffin finafinan nan, sai hoton ya cika allon ba tare da baƙin gefe ba. Haskensa kan kai lumen 3,000 na gaskiya (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske), ya isa a haska farin bango a tsakar gida bayan Isha'i, mutane su baje tabarma kowa yana gani. Launukansa uku tare suke fita, don haka babu waccan walƙiyar. Aibinsa ɗaya, baƙinsa toka-toka ne. Maganin shi ne ka sa shi a tsarin rage haske, ka kashe duk ƙwan da ke kusa. Ƙwan majigin ma zai fi daɗewa, fankarsa ta rage ƙara. Lasifikarsa ba abin kirki ba ce, ka haɗa taka. Ka kuma duba yana da HDMI, wato mashigar wayar hoto ta zamani, don wasu tsofaffin tsohuwar mashiga ta VGA kaɗai gare su.

Yana cin wuta wajen watt 300, ƙaramar sola ba za ta ɗauke shi ba. Ƙwansa kuma zafi yake yi sosai, fanka ce ke sanyaya shi bayan an kashe. In ana ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kwanan ƙwan raguwa yake, saboda haka UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, dole ne, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. Lokacin hunturu ka riƙa zare matatar iskarsa kana kaɗe ƙura, in ba haka ba zafin Maris da Afrilu zai sa ya riƙa kashe kansa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Ƙananan majigin LED ɗin nan masu kwali mai ƙyalli, za ka ga an rubuta lumen dubu bakwai ko dubu tara. Ƙarya ce tsagwaronta. Ma'aunin da ake yarda da shi shi ne ANSI ko ISO 21118, kuma da shi da yawansu ɗari biyu ma da ƙyar suke kaiwa. Har kotu Epson ta kai wasu masu sayar da irinsu a Amurka kan wannan ƙaryar. Haka rubutun 1080p: sau da yawa nufinsu yana karɓar hoto mai wannan girman, amma abin da yake fitarwa ɗigo 480 ne kawai a tsaye, ba 1080 ba. Irinsa aka taɓa liƙa mini a wani shago, tsakiya tangaran, kusurwoyi huɗu dishi-dishi, tururuwar nan ta koma kamar barkonon da aka barbaɗa.

Na hannun ma ba a rufe ido. Mai shago zai buɗe maka wurin lissafin awannin ƙwai ya ce, “Yallaɓai duba, sifili ne, sabo fil.” Wannan lissafin da maɓalli ake mayar da shi sifili, ko yaron shago ya iya. Wasu kuma sun sa ƙwan jabu cikin gidan na asali. Kada ka yarda da lamba, yarda da idonka. Je da kwamfutarka, ka haska farin shafi zalla. In ka ga rawaya-rawaya ko wani tabo mai launi, zafi ya ƙona cikinsa, gyaran kuma na iya fin kuɗin majigin. Sai ka haska baƙin shafi, nan dunƙulen ƙura ke bayyana. Ka bar shi a kunne rabin awa, don mai ciwon zafi ba ya nuna halinsa da wuri. Majigin da ya nemi lambar sirri da aka kunna shi, mai shago kuma ya ce za a buɗe maka daga baya, ajiye masa kayansa. Allah kaɗai ya san ofishin da ya fito.

Ko a kasuwar Wunti ka saya, ko ta Muda Lawal, ko aka aiko maka daga Kano, ka sa a rubuta lambar jikin majigin a rasit, da sharaɗin mayarwa cikin mako guda. Wanda ya ƙi rubutawa, wuce shago na gaba.