Shagon turi da na samo tsofaffin wasannin Samanja

Masu tambaya ina ake samun diramomin talabijin na da, to akwai wani shagon turi a Kaduna cikin layin masu gyaran waya da zan iya cewa ku je, amma fa ku je da memorinku ko filasha mai kyau, kuma ku je da haƙuri. Yawancin masu turi yanzu in ka ce musu Samanja, wato tsohuwar diramar nan ta barikin soja, sai su yi ta kallonka, abin da suka sani fassarar Indiya da masu dogon zango, shi kuwa yaron da ke wannan shagon yana da folda guda da ya rubuta wa "Tsofaffi" kuma a nan na samu abin da nake nema wa baffana.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ya karɓar kuɗi sai ka gani. Ya jawo min benci ya ce "Baba zauna ka duba da kanka, wanda bai yi ba kar ka biya", ya dinga buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta. Kuɗin ma ba wani abu ba ne, da giga yake lissafi, kuma tsofaffin nan ba su da nauyi ko kaɗan. Ya duba min filashar ko akwai bairos kafin ya tura, wanda ba kowa ke damuwa da wannan ba.

To amma hoton, kai jama'a. Daga kaset aka kwafo su kuma da ganin wasu an kwafa an sake kwafa har sun gaji, ƙasan hoton yana rawa, kakin soja ya koma wani kala tsakanin kore da toka, wani wajen fuska ma ba ka gane ta sai mutum ya yi magana. Sauti gara-gara, sai dai akwai wanda dole ka ƙure murya sannan na gaba ya zo ya fasa maka kunne. Wannan ban ɗora wa yaron laifi ba don ba shi ya ɗauka ba. Inda na ga sakacinsa shi ne tsari. Fayil ba suna sai lamba, wasu sun maimaita kansu, guda biyu sun yanke ana tsakiyar rigima, sannan a cikin foldar Samanja sai ga diramar Karkuzu na Bodara, wanda kowa ya san na Jos ne ba ruwansa da bariki. Ban ƙi ba, shi ma ina so, amma ai sai a ware. Wasu kuma da tambarin masu tashar YouTube a kusurwa, ka ga kenan can ya kwaso.

Duk da haka wallahi da ka kalli biyu zuwa uku sai ka manta da lalacewar hoton, saboda aikin marigayi Usman Baba Pategi, wato shi Samanjan kansa, ba a kyamara yake ba. Mutane da yawa sun ɗauke shi ɗan wasan barkwanci kawai, alhali shi ne mai tsara abin, yana shiryawa yana ba da umarni kuma yana fitowa. Banufe ne ɗan gidan sarautar Patigi ta jihar Kwara, ya zo Kaduna ya yi aiki a gidan rediyon Arewa, sannan ya shiga soja a shekarun 1960, zamanin da ƙasa ta faɗa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, bai ajiye kaki ba sai 1985. Shi ya sa barikin da yake nunawa ba na ji-ta-ji-ta ba ne. Dubi yadda ƙaramin soja ke ƙamewa in ya shigo, yadda yake sara wa na sama da shi jiki na ɓari sannan ya juyo ya sauke haushin kan na ƙasa, da wannan Hausar bariki da yake cakuɗawa da guntun Turanci yana tsawa, ba wanda zai rubuta maka wannan in bai ci gwale-gwale a filin fareti ba.

Kuma abin da na lura da shi a wannan kallon, wanda da muna yara ba mu kula ba, shi ne ƙarancin kayan aiki. Ɗaki ɗaya, tebur, kujeru, kyamara kusan a tsaye take wuri guda kamar kana kallon wasan daɓe, amma kowa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai shigo, ba mai taka maganar wani. Yanzu ana da jirgi marar matuƙi ana ɗaukar saman gidaje amma sai a yi minti goma mutum biyu na zaune a falo ba abin da ya faru. Allah ya jiƙan Samanja, a Kaduna ya rasu a Nuwamban 2023 ya haura shekara tamanin.

Da na mayar da fayilolin da suka yanke yaron bai yi gardama ba, ɗaya ya samo cikakke ya sake tura min kyauta, ɗayan ya ce haka shi ma ya same shi, sai ya cike min gurbin da wani. Ya kuma ce in wani yana da tsohon kaset a gida ya kawo, yana da wanda ke juya masa zuwa kwamfuta, wannan dai ban gwada ba tukuna.

In za ku je ku je da safe, don da yamma 'yan makaranta sun cika wajen kuma in aka ɗauke wuta sai ya gama da masu cajin waya kafin ya waiwaye ka. Kar ku sayi memori a wajen masu tallan bakin layin, kuma ku sa ya buɗe kowane fayil ya ja shi har ƙarshe kafin ku biya.