Waƙoƙin fim ko fim ɗin gaba ɗaya: me ya kamata a tura maka?

Duk wanda ke cin kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis ya san rumfar masu turi: kwamfuta, janareta, da samari kowa riƙe da memori. Tambayar da za a yi maka ita ce, waƙoƙin kaɗai kake so ko da fim ɗin? Kuɗin ba su da yawa, amma wurin da ke cikin memori da cajin waya suna da iyaka, musamman a ƙauyen da sai an kai waya shagon caji.

Sayar da waƙa daban da fim ba sabon abu ba ne. A zamanin fim ɗin Sangaya, wajen shekarar 2000, masu shirya fim a Kano kan fitar da kaset ɗin waƙoƙi kafin fim ya fito, su zama talla. A lokacin, in waƙa ta shiga gari, kaset ɗin bidiyo ya samu kasuwa a Ƙofar Wambai. Shi ya sa waƙar fim ɗin Hausa take iya tsayawa da ƙafarta.

Ni dai shawarata, in wayarka ƙarama ce mai madannai, ko rediyo mai cin memori gare ka, ka ɗauki waƙoƙin zalla. Waƙar minti 5 ba ta cika wuce megabait 5 ba, don haka memori mai giga 2 zai ɗauki ɗaruruwa. Za ka ji a gona, uwargida ta ji tana surfe, batir bai ƙare ba. Fim kuwa, musamman masu dogon zango irin Labarina da Izzar So, kashi goma kawai sun isa su cinye wannan wurin, kuma da wuya a kalli kashi ɗaya fiye da sau biyu.

Sai dai a nan ne ake cutar mutane, kuma abin yana ci mini rai. Waƙa iri biyu ce a kwamfutar mai turi. Akwai ta asali, yadda ta fito daga situdiyo. Akwai kuma wadda aka yanko daga cikin fim, an datse mata baiti ɗaya ko biyu, ga maganar 'yan wasa a farkonta, sautin ya dushe. Wasu ma an ɗora musu muryar wani mai talla yana kiran sunan shagonsa a tsakiyar amshi. Kuɗinsu ɗaya da na mai kyau. Kada ka biya sai ka ce masa, "Malam, kunna mini uku in ji," kuma kai za ka zaɓi ukun, daga tsakiyar jerin. Ka duba tsawonsu: waƙar da ta tsaya a minti biyu yawanci yankakkiya ce. Shi kansa memorin a gwada shi, domin na jabu kan nuna giga 16 amma da an cika shi sai waƙoƙin su ƙi buɗewa bayan ka koma gida.

Fim ɗin yana da abin da waƙoƙin ba za su ba ka ba. Kiɗan da ke tashi a hankali lokacin da aka yi rasuwa ko aka raba masoya ba kasafai ake fitar da shi daban ba, yana cikin fim ɗin ne kawai. Kuma baitin da jaruma ta rera bayan an ɗaura mata aure da wanda ba ta so ya fi ratsa wanda ya ga yadda aka kai ga haka. In gidan akwai babbar waya ko talabijin mai sola, a turo fim ɗin a kalla tare, a goge, a bar waƙoƙin.

Ga mai data da sabis mai ƙarfi, akwai YouTube da Audiomack. A tashar mawaƙin ko ta kamfanin fim ɗin za ka samu cikakkiyar waƙa, kuma kallon da ka yi a YouTube yana iya kai musu wani abu. Bidiyo na shan data sosai, saboda haka ka rage ingancin hoton zuwa 240p in waƙar kawai kake son ji.