Sharhi kan bawul ɗin ruwan gida bayan shekara biyu ina amfani da su

Lokacin da aka sake jan bututun ruwa a gidanmu, mai gyaran famfo ya ce in sayo bawul, wato makullin da ake tsayar da ruwa da shi idan za a yi gyara. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sayo iri uku: get bawul mai kan da ake murɗawa, da bol bawul na tagulla mai hannu, da kuma na roba, domin a lokacin ban san bambancinsu ba sai a farashi.

Get bawul ɗin inci 1 da aka sa a ƙarƙashin tanki ne ya fara ba ni matsala. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, yana zuwa da ɗan yashi, kuma yashin ya riƙa taruwa a gurbin da ƙyauren cikin bawul ɗin yake sauka, har ta kai ko an murɗa shi iya ƙarfi ruwa bai daina tsiyaya ba. Ranar da bututun banɗaki ya fashe, sai da muka zubar da ruwan tanki gaba ɗaya kafin a yi gyara, abin da har yau yake yi mini ciwo idan na tuna kuɗin man janareton da ya ɗora shi.

Na robar bai yi yoyo ba, amma da yake a waje yake, rana ta busar da hannunsa ya karye.

Bol bawul ɗin tagulla kuwa ban taɓa samun kuka da shi ba. Juyi ɗaya ake yi wa hannun: idan ya miƙe tare da bututu ruwa na tafiya, idan ya gitta an rufe, don haka ko yaro zai gane halin da yake ciki daga nesa. Sai dai a rufe shi a hankali idan ruwan na da ƙarfi, domin datse shi farat ɗaya yana girgiza bututu.

Shi nake ba da shawarar a saya, amma a auna nauyinsa a hannu, saboda akwai marasa nauyi da aka yi wa ruwan tagulla kawai, kuma a leƙa ramin cikinsa a ga ko ya kai faɗin bututun. Yanzu na sa guda a ƙarƙashin tanki, da na rabin inci a bakin kicin da kowane banɗaki, ina kuma juya su duk wata don kada su cije.