Gidan zane na Orangerie a Paris, ɗakunan badon Monet

Duk wanda Allah ya kai shi Paris kuma yana da ko awa biyu a hannu, ni dai shawarata ya leƙa gidan zane na Orangerie, yana cikin lambun Tuileries dab da dandalin Concorde. Ƙaramin waje ne, ba irin babban gidan zane na Louvre ba da sai ƙafarka ta gaya maka kafin ka gama zagaye.

Abin da ke kai mutane can zanen bado ne na Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, guda 8, sun zagaye bangon ɗakuna biyu masu siffar ƙwai. Tsayin kowanne mita 2, in aka jera su gaba ɗaya sun kai wajen mita 91. Tafkin da ya sa aka haƙa a gidansa na ƙauyen Giverny shi ya yi ta zanawa kusan shekara 30, ya yi wa Faransa kyautar aikin lokacin da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, ya rasu a 1926, sai a 1927 aka buɗe ɗakunan, bai ma ga an manna su a bango ba bawan Allah.

Wallahi abin da ya kama ni shi ne mutumin nan ya cire gaɓar tafki, ya cire inda sama ke haɗuwa da ƙasa, ya bar ka da fuskar ruwa kawai, gajimare ma a cikin ruwan za ka gan shi. In ka matsa kusa babu wani bado, fenti ne kan fenti, shuɗi kan kore kan shunayya, fure ɗaya bai wuce shafa biyu uku na fari da ja ba, a wani gefen ma ƙyallen na nan tsirara bai shafa masa komai ba. Ja da baya kaɗan sai ga ruwa ya kwanta, ganye na yawo a kai. Wanda ya taso yana ganin bado ya rufe kududdufi da damina zai gane hasken nan nan take. Zanen faɗuwar rana ya fi tsaya min a rai, ruwan ɗorawa da ja sai ka ce tafkin ya kama da wuta. Kuma fa yana fama da yanar ido lokacin, har aiki aka yi masa a 1923.

Hasken ɗakin daga rufi yake saukowa, na rana ne, shi ya sa kalar ke canzawa in hadari ya taso. Akwai benci a tsakiya, don Allah ka zauna ko minti goma ne kafin ka zaro waya.

A ƙasa akwai zanen su Cézanne da Matisse da Picasso da Renoir, suna da kyau, amma ni na ratsa ne da sauri.

Ku yanki tikiti ta intanet ku je da sassafe kafin masu ɗaukar hoto su cika ɗakin, kuma ranar Talata ba sa buɗewa.